Katin banki a ƙasashen waje: biya kashi-kashi da bashin da ke sabunta kansa

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sarin tufafi a unguwar Laleli ta birnin Istanbul sun sha ganin wannan abu. Bayan an gama sari, mutum ya shiga wani babban kanti domin ya yi wa iyali tsaraba, sai ya ga Baturken da ke gabansa ya miƙa kati, mai karɓar kuɗi ya tambaye shi kashi nawa za a raba masa. Ya ce shida, aka danna, ya ɗauki kayansa ya yi gaba bai biya ko rabin kuɗin ba. Da layi ya zo kan Alhajinmu, shi ma ya miƙa nasa katin mai tambarin Visa, irin na wancan sak, ya nemi a raba masa. Sai aka ce ba ya yiwuwa. Wasu sun dawo gida suna cewa wariya ce ake nuna wa baƙar fata. To ba wariya ba ce, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a fahimce shi, domin a cikinsa ne ake gane inda mutum ke iya samun sauƙi da inda yake iya afkawa rami.

Da farko ya kamata mu san cewa tambarin Visa ko Mastercard da ke jikin kati ba ya nufin an ba mutum bashi. Waɗannan kamfanoni hanya kawai suka shimfiɗa, wadda saƙo ke bi daga na'urar mai kanti zuwa bankin da ya ba ka katin. In ka miƙa kati a Dubai, cikin ƴan daƙiƙoƙi tambaya za ta iso bankinka a Yamai: wane yana son kashe kaza, a ba shi? Bankin ya amsa i ko a'a. Saƙon kuwa adadi ɗaya yake ɗauke da shi, kuma mai kanti kuɗinsa cif yake jira. Mafi yawan katunan da ke aljihunmu a nan Nijar, walau na ƙungiyar GIM-UEMOA da aka kafa a 2003 mai cibiya a Dakar, walau masu tambarin ƙasa da ƙasa, kuɗin da ke cikin asusunka suke ci nan take, ko kuma waɗanda ka riga ka zuba a cikin katin kafin ka tashi. Irin wannan kati ba shi da abin da zai raba. In akwai, a cire. In babu, na'ura ta ƙi.

Shi Baturken nan, abin da ya yi sunansa taksit, kuma yarjejeniya ce ta cikin gida tsakanin mai kanti da bankunan Turkiyya, ta hanyar tsare-tsarensu irin su Bonus da World da Maximum da Axess. Bankin ƙasar ya san mutumin, ya san albashinsa, ya san ƙofar gidansa in ya ƙi biya. Har hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar sai da ta taka wa abin burki a watan Fabrairu na 2014, ta ƙayyade yawan watannin da za a iya rabawa, ta hana shi ga abinci da man fetur, saboda bashi ya yi wa iyalai katutu. Haka abin yake a Birazil, inda ake raba kuɗin takalmi ma kashi goma, haka yake a Meziko. A Dubai da Saudiyya kamfanoni irin su Tabby, da aka kafa a 2019, da Tamara, da aka kafa a 2020, suna raba wa mutum kuɗin kaya kashi huɗu, amma sai mai lambar wayar ƙasar da takardar zama. Alhajin da ya zo Umra na kwana goma ba ya ciki. Da ɗan gari a kan ci gari, in ji masu iya magana.

Ke nan ƙa'idar ita ce: a ƙasar da ba taka ba, sayayya da kati biya ɗaya ce. In har za a raba, to tsakaninka da bankin da ya ba ka katin ne, ba tsakaninka da mai kanti ba.

Mutanen Japan sun fi kowa sanin wannan, domin a can tambayar "sau nawa?" ta zama kamar gaisuwa a bakin kanti. Biya ɗaya ko biyu galibi ba a ƙara wa mutum komai. Daga uku zuwa sama sai kuɗin ruwa su shigo. Amma ɗan Japan in ya fita waje, ba mai yi masa wannan tambaya, sayayyarsa tana shiga a matsayin biya ɗaya. Sai bayan ya koma gida, ko ta wayarsa tun yana can, ya nemi kamfanin katin ya sauya masa ita zuwa kashi-kashi, ko zuwa abin da suke kira ribo, kafin ranar da aka tsayar. Akwai kuma katunan da tun ranar sa hannu aka ɗaure su a kan ribo, ta yadda ko mutum ya ce biya ɗaya a bakin kanti, kamfanin zai karkata kuɗin zuwa can. Hukumomin kare masu saye na ƙasar sun sha jan kunnen jama'a a kan haka, domin akwai masu shekara da shekaru suna biya ba su ma san suna cikin bashi ba. Kuɗin ruwan ribo sun daɗe a wajen kashi 15 cikin 100 a shekara.

Bashi biyu, ba ɗaya ba

A nan ne muke son mai karatu ya natsu, domin abubuwa biyu ne da ake yawan haɗawa, alhali nisan da ke tsakaninsu ya fi na Tawa da Difa.

Na farko, biya kashi-kashi, ba baƙo ba ne a wurinmu. Ma'aikacin da ya karɓi ragon layya aka riƙa cire masa a albashi har wata uku ya san shi. Ɗan kabu-kabun da aka ba babur yana zubi har ya mallake shi ya san shi. An san kuɗin, an san yawan zubi, an san ranar gamawa. Ko da tsada, tsada ce mai iyaka.

Na biyu shi ne bashi mai juyawa, wanda a Faransa doka ta tilasta a kira shi crédit renouvelable. Banki zai ware maka wani adadi, a ce jikka 500, ya ce ka ci yadda kake so. Kowane wata ba a neman ka biya duka, ɗan wani abu kaɗan ake nema. Abin da ya rage sai a ɗora masa kuɗin ruwa. Abin da ka biya kuma ya sake zama naka na ci. Ya yi kama da littafin bashin mai kantin unguwa, inda maigida ke rage wani abu ƙarshen wata ya sake ɗaukar shinkafa da mai washegari, shafinsa bai taɓa rufuwa ba. Bambancin kawai, mai kantin unguwa ba ya ƙara maka ko dala a kan abin da ya rubuta, kuma in ka rasu yana iya yafewa. Wannan tsari a Amurka ya samo asali: a 1958 ne Bank of America ya rarraba katin BankAmericard a garin Fresno na jihar Kaliforniya, wanda ya koma Visa a 1976. Kafin shi akwai Diners Club tun 1950, amma shi ƙarshen wata ake biyan komai.

Mun zauna mun yi lissafi da kanmu, kuma kowane ɗan makaranta mai na'urar lissafi na iya bin sawunmu. Mu ɗauka mutum ya ci bashin da ya kai jikka 500 na sefa, kuɗin ruwa kashi 20 cikin 100 a shekara. Ba mu zaɓi wannan adadi don tsoratarwa ba: a Amurka matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi ya haura haka a 2023 da 2024, a Faransa ma iyakar da doka ta yarda da ita ga ƙananan basussuka ta haura haka a waɗannan shekaru. In aka raba masa kashi 10, zai riƙa biyan kimanin jikka 54 da ɗari 7 a wata, ya gama cikin wata 10, abin da ya ƙaru a kansa wajen jikka 47. In kuwa ya bar shi a mai juyawa yana ba da jikka 15 a wata, to a watan farko jikka 8 da ƴan kai kuɗin ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai jikka 7 ba. Zai yi wata 49 yana biya, wato shekara 4 da ɗoriya, ya ƙara wajen jikka 236. In ya ce jikka 10 kawai yake iyawa, sai ya shekara 9, ya biya sama da miliyon 1 a kan jikka 500. Duk wannan fa in bai sake taɓa katin ba ko sau ɗaya. Wa ke riƙe da kati shekara 9 bai taɓa shi ba?

Wani zai ce, to mu da ba mu da irin wannan kati, ina ruwanmu? Ruwanmu na nan. Ƴaƴanmu da ƙannenmu da ke Faransa da Beljiyam da Amurka da Kanada suna da shi, wani ma biyu ko uku. Kuma ranar da suka sauka filin jirgin saman Diori Hamani, Nijar ce ta zama musu ƙasar waje a idon bankinsu. Wani ɗan'uwanmu da ke aikin tuƙi a Amurka ya zo bikin ƙanwarsa. Kowa ya san yadda ake kallon wanda ya zo daga can: goggo na jira, abokan ango na jira, maroƙa na jira. Kuɗin da ya zo da su suka ƙare a mako na biyu, sai ya koma wa na'urar cirar kuɗi da katin bashi, yau jikka 100, gobe jikka 150. Abin da bai lura da shi ba, cirar tsabar kuɗi da katin bashi ba ɗaya ba ne da sayen kaya. Sayen kaya yana da ƴan makonnin rangwame, in ka biya duka kafin ranar da aka sa ba a ƙara maka komai. Tsabar kuɗi kuwa tun ranar da suka fito ruwa ke fara hawa, galibi a farashi mafi tsada, ga lada na musamman a kan kowace cira, ga ladan canji, ga na bankin da ke da na'urar. Amarya ta haihu, an yi suna, an yaye yaron, shi yana can yana biyan kuɗin bikin. Mu da muka ci shinkafar ba wanda ya tambaye shi daga ina kuɗin suka fito, kuma wannan laifi namu ne mu duka.

Akwai wani tarko ƙarami da ke biye da wannan. A yawancin katunan Amurka, muddin ka bar saura a wata ɗaya, rangwamen nan ya faɗi: duk abin da ka saya bayan nan, ko burodi ne, daga ranar yake fara tara ruwa, har sai ka share bashin kakaf.

Abin da magabatan wasu ƙasashe suka yi

Faransa ta ɗanɗana kuɗarta kafin ta ɗauki mataki. Tun 1989 aka kafa kwamitocin duba lamarin iyalan da bashi ya durƙusar, a ƙarƙashin dokar da ake kira da sunan minista Neiertz. Amma sai a ranar 1 ga Yuli 2010 dokar Lagarde ta shiga cikin maganar bashi mai juyawa gadan-gadan. Ta ce katin kanti mai haɗe da bashi, in mutum bai furta da kansa cewa bashi yake so ba, to a ɗauka biya nan take ne. Ta ce in kaya sun haura yuro 1000, wato kusan jikka 656, dole mai kanti ya gabatar wa mai saye zaɓin bashi mai ranar ƙarewa. Ta kuma sa wa'adi: bashin da bai wuce yuro 3000 ba a gama shi cikin wata 36, wanda ya wuce cikin wata 60. Da wannan doka, mutumin lissafinmu na ɗazu ba za a bar shi ya shekara 9 ba. Za a karɓi wajen jikka 18 da rabi a wata, ya gama a shekara 3, ya ƙara kimanin jikka 169. Har yanzu da ciwo, amma an san ranar warkewa. Amurka a 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in mafi ƙaranci kawai yake biya. Birazil, inda ruwan wannan bashi ya haura kashi 400 cikin 100 a shekara a 2023, ta yanke cewa daga Janairun 2024 ruwa ba zai wuce uwar kuɗin ba.

Shi kansa biya kashi uku ko huɗu "ba tare da ƙari ba" da ya cika shagunan intanet na Turai, ya daɗe yana zamewa daga dokokin bashi saboda gajeren wa'adinsa. Tarayyar Turai ta amince da wani sabon umurni a watan Oktoba na 2023 da ya shigar da shi cikin sahun basussuka, aka tsayar da 20 ga Nuwamba 2026 a matsayin ranar fara aiki da shi. Dalili kuwa a fili yake: kashi huɗu a kanti ɗaya ba komai ba ne, amma kashi huɗu a kanti biyar albashi ne guda.

Wani abin da ke ruɗa ɗalibanmu a Faransa: tun 2016 ana buga kalmar crédit a jikin katunan da ke tara sayayyar wata a cire ta gaba ɗaya a ƙarshensa. Wannan ba bashi mai juyawa ba ne, jinkiri ne kawai, ba ruwa a kansa. Amfaninsa shi ne masu ba da hayar mota da wasu otel-otel sun fi yarda da shi. Su ma waɗannan sukan riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina, kuma ga mai katin cira nan take, kuɗin nan sun fita daga hannunsa ke nan har sai an sake su, wani lokaci bayan makonni. Alhazai da dama sun tsaya a gaban kanti a Deira na'ura na ƙin katinsu, alhali kuɗin otel ne ya danne.

A yankinmu na UEMOA akwai iyakar kuɗin ruwa da ba a yarda a wuce ba. A farkon 2014 an sa ta kashi 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance. Amma wannan kariya bankunan nan gida ta shafa. Katin da aka bayar a Niyok dokar can yake bi, ko da a Katako aka kashe kuɗin.

Sai batun canji, wanda ke hawa kan kowane kati, na bashi da wanda ba na bashi ba. Mu masu sefa muna da sauƙi guda: tun 1 ga Janairu 1999 yuro 1 sefa 655,957 ne, ba ya motsi, saboda haka wanda ya yi sayayya a Faransa ko Italiya ladan banki kawai zai duba. Amma riyal na Saudiyya da dirhami na Dubai a jikin dalar Amurka suke ɗaure, riyal 3,75 da dirhami 3,6725 a kowace dala, ita kuwa dala kullum tana hawa da sauka a gaban yuro. Kuma farashin da ake yi maka lissafi da shi na ranar da aka kammala cinikin ne a tsakanin bankuna, wanda kan iya zama kwana ɗaya ko biyu bayan ka bar kantin. In ka mayar da kaya, da farashin ranar mayarwa za a dawo maka da kuɗi, ladan da aka cire kuma sau da yawa ya tafi. Masu katin yuro ko dala kuma na'ura kan yi musu tayi: a cire da kuɗin ƙasarku ko da na nan? Tayin yana da daɗin ji, amma canjin da ke cikinsa na masu na'urar ne, kuma kusan kullum ya fi na kati tsada. A zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki. Maƙwabtanmu masu katin naira, waɗanda ƴan kasuwar Maraɗi da Birnin Ƙonni ke hulɗa da su kullum, sun ga wani salon: a 2022 bankunansu suka rage abin da ake iya kashewa a waje har ya koma dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa.

Ba za mu rufe wannan magana ba mu tsallake abin da ke zuciyar mafi yawan masu karatunmu, wato hukuncin addini. Mu ba malamai ba ne, amma abin da majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, mai cibiya a Jidda, ta zartar sananne ne. A 1990 ta ce ya halatta a sayar da kaya kashi-kashi a farashin da ya fi na hannu da hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya tun wurin ciniki, kuma ba a ƙara wa mutum komai don ya yi jinkiri. A zamanta na Riyad a shekara ta 2000 kuwa ta ce katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa bai halatta a bayar ko a karɓa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwa ya fara hawa. Ta ƙara da cewa ba a sayen zinari ko azurfa ko kuɗin wata ƙasa da katin da babu kuɗin mai shi a ciki. Wannan na ƙarshe ya shafi hajiyoyinmu kai tsaye, masu zuwa kasuwar zinari ta Dubai da ta Makka. Katin cira nan take da wanda aka zuba wa kuɗi tun daga gida ba su shiga wannan hani ba, tunda abin mutum ne yake kashewa.

Wanda zai yi tafiya a bana, kafin ya je wurin mai biza ya fara biyawa ta bankinsa da tambayoyi ƙwaya huɗu, ya kuma nemi a rubuta masa amsa: katin nan na cira ne ko na bashi, nawa ne iyakar abin da zai iya kashewa a rana da kuma a mako, kashi nawa ake cirewa a kan sayayya da cirar kuɗi a wajen yankin sefa, kuma wace lamba zai kira daga waje in katin ya ɓace ko na'ura ta haɗiye shi. Wanda kuma ɗansa ke shirin zuwa hutu daga Turai ko Amurka, ya tambaye shi a waya, tun kafin a sa ranar biki, ko kuɗin da zai zo da su ajiyarsa ce ko ta banki.